Rasuwar Goran Nonon Malama Rael

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ya samu wuri a cikinta har ya miƙe ƙafa, Malama Rael Tonui, tsohuwar malamar kimiyya a makarantar 'yan mata, mazauniyar gangaren gonakin shayi da ke bayan Litein, tana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, matan coci, da duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofarta da ƙishirwa, rasuwar goran nononta, wanda aka fi sani da Sotet, sunan da mutanen yankin ke kiran irin wannan gora. Rai ya yi halinsa ranar Lahadi da hantsi, ba tare da jinya ba, a daidai lokacin da mai shi take coci tana rera waƙa.

Kafin a shiga tarihin marigayi, akwai maganar da ke yawo, kuma gara a tare ta tun daga bakin ƙofa. An ce Malama ce ta kashe shi. An ce ta ajiye shi a gefen murhu ta manta, wuta ta cinye shi, domin kanta ya fara juyewa irin na tsufa. An faɗi haka a wurin auna madara, an faɗa a bayan coci, an faɗa a motar haya, har wata mata da ba ta taɓa taka gidan ba ta rantse cewa ta ga Malama tana zuba gishiri a shayi. A kan wannan magana ce 'ya'yanta suka sa taron iyali ranar Asabar mai zuwa, don a tsayar da shawarar sayar da shanunta, a ba da gonar haya, a ɗauke ta a kai ta Nakuru, wani ɗaki a saman bene a gidan autanta, inda za ta zauna tana kallon rufin kwanon mutane ta taga har Allah ya karɓi abinsa.

Malama ta ƙare ƙuruciyarta tana nanata wa 'yan mata cewa duk abin da aka ce kowa ya sani, shi ya fi bukatar a gwada shi. Don haka ta gwada. Sakamakon yana tafe, bayan an ba mamaci haƙƙinsa.

An haifi marigayi a kan shingen uwar mijin Malama. Tsohuwar ce ta zaɓe shi tun yana kore, ta jira shi ya ƙosa, ta fafe shi, ta shanya shi a inuwa, ta ɗinka masa maɗauri na fata da wuri da duwatsun ado ja da shuɗi. Ranar da aka kawo Rael gidan tana amarya ta miƙa mata shi ba ko murmushi, ta ce, “Riƙe. In ya fashe a hannunki, na san irin matar da ɗana ya kwaso.” Bai fashe ba. Tsohuwar ta riga mu gidan gaskiya, ɗanta ya bi ta, goran yana nan rataye a ƙusarsa. Ya girmi duk 'ya'yan gidan, kuma ya fi wasunsu amfani.

Aikinsa ɗaya ne, bai taɓa neman na biyu ba. A ƙona reshen bishiyar itet, a murza garwashin a cikinsa da 'yar sandar nan mai lanƙwasa har ya yi baƙi ya ɗauki ƙanshi, a zuba dafaffiyar madara da ta huce, a toshe, a rataye shi a inda ba hayaniya. Bayan 'yan kwanaki sai ya ba da mursik, nonon nan mai tsami da kauri, irin wanda in ya haɗu da tuwon tamba mutum kan yafe wa maƙiyansa, ko da na yinin ne. Da shi aka yaye yaran gidan. Shi ya tsaya a baikon 'yan matan unguwa. Shi ake aikowa a ara in yaran gari sun dawo daga gasar gudu a ƙasashen waje, ko sun ciyo lamba ko sun dawo da ciwon gwiwa kawai, bai taɓa bambanta su ba.

Marigayi mai gaskiya ne. Bai taɓa yin alkawarin abin da ba ya cikinsa ba. In ya cika, ka girgiza shi sai ya amsa ƙulum, ƙulum, a hankali, kamar mai kuɗin da ba ya gaggawa. In saura kaɗan, sai ya ce ƙwal-ƙwal, kowa ya ji, ba ɓoye-ɓoye. In aka zare murfinsa yakan ce fuf, kamar dattijon da aka tasa daga gyangyaɗi. Iyakar maganarsa ke nan a duniya. Bai taɓa sa mai ƙishirwa ya zauna sauraron labarin tafiyarsa bakin teku kafin ya ba shi nono ba. Za a gane dalilin ambaton wannan nan gaba.

A ƙarshen makon da abin ya faru, biyu daga cikin 'ya'yan sun zo gida: Cherotich, babbar 'ya, ma'aikaciyar jinya, da Kiptoo, auta, mai aikin ofis a Nakuru. Cherotich ta raka uwarta coci. Kiptoo ya ce kansa na ciwo, ya zauna. Da suka dawo, Cherotich ce ta fara shiga ɗakin girki, sai aka ji ta ƙwala kira.

“Mama! Zo ki ga aikinki!”

Marigayi yana kwance a gefen murhu, ya tsage daga wuya har gindi, ya yi launin ƙasa mai duhu, fatar maɗaurinsa ta ƙanƙance.

“Aikin wa? Ni da hannuna na rataye shi a bango kafin mu fita.”

“Haka kike gani, Mama.” Ta faɗe shi da muryar nan mai laushi da take yi wa waɗanda ba za su tashi ba.

“Ke, ni ba a gadon asibitinki nake ba. Mayar da muryarki ta gida.”

Kiptoo yana bakin ƙofa a durƙushe, yana ɗaure igiyar takalmi. Ya daɗe yana ɗaure ta. Daga can ƙasa ya ce, “Mama, gora ne fa kawai. Zan sayo miki na roba, har da awo a jikinsa.”

Cherotich ta ciro waya ta buɗe wani bulog a intanet, ta shiga karanto alamomin da ke nuna uwar mutum ta fara ruɗewa. Mance inda aka ajiye abu. Saurin fushi. Musun cewa ba a manta ba.

“Kin ji? Musun ma yana ciki.”

“To in na yarda na manta fa?”

Ta ja shafin ƙasa. “Shi ma yana ciki.”

“Wa ya rubuta?”

“Ba suna, Mama, amma ai mutane da yawa sun karanta.”

“Mutane da yawa suna karanta bangon bayan gidan tasha.”

Malama ta amsa da baki, amma maganar ta shige ta. Ba za a ɓoye wannan ba. Wanda ya ruɗe bai san ya ruɗe ba, Malama ta san haka sarai, kuma ita ba ta ɗauke wa kowa gwaji, balle kanta. Bayan yaran sun koma, ta riƙa tsintar kanta a tsakar gida tana tambayar kanta abin da ta fito yi. Tana tatsa tana jero sunayen sinadarai daga farko, in ta yi tuntuɓe a ɗaya sai ta sake daga farko. Ta kalli ƙusar bangon nan har ta fara shakkar hannunta. Ta kalli shanunta da idon bankwana. Daga ƙarshe ta tsallaka shinge wurin Esta, ƙawarta tun suna 'yan mata.

“Esta, tsakaninki da Allah. Na fara?”

“Kin fara me?”

“Abin da ake faɗa.”

“Ke? Ke da har jiya kike tuna min abin da na faɗa a kan kunnuwan mijinki tun kafin ki aure shi? Da ma ki ruɗe, baiwar Allah, mu huta.”

“Ba wasa nake ba.”

“Ni ma. Tashi ki je ki yi abin da kika iya, ki daina zama min a nan kamar kazar da ruwa ya doka.”

Ta tashi. Ta shiga kasuwar Litein ta sayo goruna marasa gata, waɗanda ba su da tarihi ba su da dangi. Ta kwantar da ɗaya a gefen murhu, daidai inda aka tsinci gawa, ta hura wuta ta bar shi yini guda. Kumatu ɗaya ya ƙone, ɗayan ko ɗumi sosai bai yi ba. Haka wutar murhu take, gefe guda take ci. Marigayi kuwa ya gasu ne ko'ina daidai, har gindi, kamar masarar da aka juya da kulawa. Ta kai hancinta cikin tsagar. Ƙanshin itet da ya zauna a ciki tun kafin a haifi Cherotich ya tafi, an kankare gawayin tas, abin da ya rage warin bilic ne, ruwan nan mai faranta tufafi, warin da ta sani a ɗakin gwaje-gwaje. Bilic bai taɓa shiga goranta ba.

Abu ɗaya ne a gidan ke gasa abu ta ko'ina: tandar lantarkin da Kiptoo ya kawo mata wata Kirsimeti. Ba ta taɓa kunna ta ba. Sukari take ɓoyewa a ciki saboda tururuwa. Ta je ta tarar da gwangwanin sukarin a kan tandar maimakon cikinta, tururuwa suna ta shagalin biki. Ta jawo farantin ciki. A kusurwa, maƙale a wani baƙin tabo, ga dutsen ado ja guda ɗaya, daga cikin waɗanda uwar mijinta ta ɗinka.

Ta zauna a ƙasa ta ɗan jima. Sannan ta tambayi kanta: wane mai hankali ne zai jiƙa goran nono a bilic ya gasa shi? Amsa ita ce babu, sai dai in wani ya ce masa ya yi. Ta ɗauki wayarta ta rubuta tambayar da mai ƙyamar nonon ƙauye zai rubuta, wato yadda ake tsabtace sotet. Shafin farko da ya fito shi ne makashin.

Sunan bulog ɗin Ɗakin Girkin Kogo, wato na kaka. Kan rubutun yana cewa, “Abin da ke cikin goran kakarka zai hana ka barci!” Kafin Malama ta karanta kalma guda, wani akwati ya faɗo yana neman adireshinta. Ta kore shi, maganin rage tumbi ya fito. Ta kore shi, caca ta fito tana ƙyafta ido. Da ƙyar ta kai ga rubutun, sai ta tarar marubucin yana ba da labarin hutunsa a bakin teku, da yadda ruwan sama ke tuna masa ƙuruciya, da abin da ya ji a ransa ranar da ya ga wani kare. Ta ja shafin har yatsanta ya yi zafi. Babu ranar da aka rubuta shi. Babu sunan wanda ya rubuta. Akwai “masana sun ce” har sau da yawa, amma ba masani ɗaya mai suna ko gari. Hoton da aka liƙa na wani gora ne mai ƙaton rami zagayayye a ciki, wanda in ka zuba masa madara a ƙafarka za ta ƙare. Can a gindin shafin, bayan duk wannan wahala, ga maganin a layi uku: a jiƙa a bilic, a kankare baƙin, a sa a tanda a kan ɗari biyu har ya bushe.

Ƙarƙashinsa kuma maƙabarta ce. Wata mata daga Bomet ta rubuta, “Goran mahaifiyata ya tsage, me zan yi?” Ba amsa. Wani ya ce nasu ya kama da wuta. Ba amsa. Amma duk wanda ya rubuta “Kai, madalla, na ƙaru!” an ba shi amsa da zanen zuciya har uku. Malama ta rubuta nata, cikin ladabin da ta iya samowa, ta bayyana kuskuren. Kafin shayinta ya huce an share shi.

Ba ta tsaya nan ba, domin zargi ba hujja ba ne. Ta sauke gwangwanin sukarin, ta kunna tandar da hannunta a karon farko, ta ɗauki ɗaya daga cikin marasa gatan ta yi masa duk abin da shafin ya ce, ba ragi ba ƙari. Ya cika gidan da hayaƙi, ya ce ɗas, ya tsage daga wuya har gindi. Ta jera shi kusa da marigayi. Kamar tagwaye.

Sai ta yi abin da ta saba yi wa ɗalibar da rubutunta ya fi ƙarfin kanta: ta ɗauki jimla ɗaya daga shafin ta nemi asalinta. Ta same ta, kalma da kalma, a wani shafin mutanen wata ƙasa mai nisa, inda ake huda goruna a rataye a bishiya tsuntsaye su yi sheƙa. Nasu goran ba a cin komai a cikinsa. Ma'aunin zafinsu ma daban ne da namu, ɗari biyunsu ko ruwa ba ya tafasawa. An kwaso rubutun tsuntsaye, an cire kalma ɗaya an sa sotet, an rataya masa sunan kaka, an saki a kan mutane.

A duk shafin ba inda za ka kai kuka. Amma akwai lambar waya ga mai son ba da talla. Malama ta buga. Ko ƙara na biyu ba ta yi ba aka ɗauka.

“Ɗakin Girkin Kogo, Sharon ke magana, me za mu tallata miki?”

“Gawa.”

“Na'am?”

“Yarinya, ke ce Kogon?”

Ta yi dariya. “A'a Mama, suna ne kawai. Mutane sun fi yarda da tsofaffi.”

“A gidanmu ba haka ba ne. Kin taɓa yin mursik?”

“Gaskiya ni ko sha ba na yi, yana kumbura min ciki.”

“Kin taɓa riƙe sotet a hannunki?”

“Akwai ɗaya a bangon kakata.”

“Allah ya tsare shi daga gare ki. Rubutunki yana kashe gorunan mutane. Na tsuntsaye ne kika kwaso. Ki gyara shi, ki rubuta a sama cewa kin yi kuskure.”

“Haba Mama, shi ne fa ya fi kawo min mutane. In na taɓa shi zai sauka ƙasa. Kuma ai na rubuta cewa kowa ya yi amfani da hankalinsa.”

“A ina?”

“Can ƙasa, bayan maganin tumbi.”

“Matar Bomet fa? Tana tambayarki me za ta yi.”

“Mama, in na tsaya amsa wa kowa yaushe zan rubuta sabo? Kullum sai na saki uku. Kuma tsakani da Allah ba wanda ke bin irin wannan da gaske, karantawa ake yi a wuce.”

“Wani ya bi.”

“To ki yi haƙuri. Amma tallar fa, har yanzu kina so?”

Malama ta kashe wayar, ta gode wa Allah da bai taɓa sa wannan yarinya a ajinta ba, domin da yanzu tana da abin kunya a duniya.

Saura kira ɗaya, kuma shi ne mai nauyin. Ta daɗe da wayar a cinya kafin ta buga wa autanta. Ta tambayi yara, ta tambayi ciwon kansa na ranar Lahadi, sannan ta ce, kamar abin bai dame ta ba:

“Af, Kiptoo, tandar nan taka. Na ga an bar ta a kan ɗari uku.”

“A'a Mama, ɗari biyu na sa, haka suka rubu…”

Har motocin Nakuru tana ji ta cikin wayar.

“Ƙarasa mana, auta. Haka suka me?”

“Mama, alheri na nufa. Yara ba sa sha in mun zo, uwarsu ta ce baƙin nan datti ne. Na ce bari in wanke miki shi ki dawo ki ga mamaki.”

“Na kuwa gani.”

“Da ya fashe na tsorata.”

“Ka tsorata, ka ɗauke shi da zafinsa, ka tsallaka tsakar gida, ka kwantar da shi a bakin murhuna.”

“Na ɗauka za a ce tsautsayi ne.”

“Kana nan yayarka take karanta min alamomi. Kana ɗaure takalmi. Takalmin nan igiyarsa daga nan zuwa Kericho ce?”

“Mama…”

“Ka san na yi kwanaki ina tsoron kaina? Ina tatsa ina gwada ƙwaƙwalwata kamar 'yar aji ɗaya?”

Ya ja numfashi. Ta jira ban-haƙuri. Abin da ya fito shi ne: “Amma Mama, ko ba wannan ba, Nakuru ta fi miki. Ga asibiti kusa.”

Malama ta ba shi dama, domin ita ta haife shi. Ta ce ya shiga zauren iyali na waya ya faɗa wa 'yan'uwansa da bakinsa, kafin ta kai wannan sanarwa wurin bugawa. Ta jira. Ya shiga zauren kuwa. Abin da ya tura wani bulog ne, mai suna hanyoyin lallashin iyaye tsofaffi su bar ƙauye. Cherotich ta sa masa zanen tafi.

Marigayi ya rasu ya bar ƙannensa ƙananan goruna, waɗanda ba ɗayansu da ya kai shi baki ko ciki. Ya bar 'yar sandar murza gawayi, abokiyar zamansa, wadda ke jingine a kusurwa ba ta san abin yi ba. Ya bar saniya Lelmet, wadda madararta ke tafiya wurin awo yanzu a garwa, a haɗa ta da ta kowa. Ya bar ƙusa a bango. Tandar lantarki tana gidan, amma iyali ba su lissafa ta cikin dangi ba, kuma ba za ta zauna a layin masu karɓar gaisuwa ba.

Ba a bukatar furanni, ba a bukatar gudummawa, kuma duk wanda ya zo da goran roba zai koma da abinsa. Mai son yi wa mamaci alheri, in yana da bulog ko yana da ɗa mai bulog, ga abin da mai makoki take roƙo, kuma roƙon na ƙarshe ne kafin ta fara kiran sunaye. Kada ka koya wa mutane abin da hannunka bai taɓa yi ba. In dole sai ka rubuta, je ka zauna gaban wadda ta iya, ka kalla, ka gwada a kan naka goran, naka ya fashe tukuna. Ka sa sunanka na gaskiya, wanda uwarka ta san ka da shi, don a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ka sa rana, mu san ko maganar ta bana ce ko ta ruɓe. In ka ɗauko daga wani wuri ka faɗi wurin, da mun ga tsuntsayen da idonmu da ba a kai ga haka ba. Wanda ya zo da tambaya, ba shi amsarsa a sama, labarin karenka ka riƙe, ba mu aike ka bakin teku ba. Tallarka ka ci abinci da ita, ba wanda ya hana ka, amma ka janye ta daga kan fuskar rubutun. Uku a rana ba ƙwazo ba ne, gudawa ce. Ɗaya a wata wanda aka gwada ya ishe mu. Kuma in aka ce maka ka yi kuskure, ka gyara a fili inda kowa zai gani, ka amsa wa matar Bomet, domin mutum ce, goran uwarta ne, ba lamba ce da ta shigo shafinka ba. Ku kuma masu karatu, musamman masu digiri, Malama ba ta da roƙo a gare ku. Ta koyar da ku, ba ku ji ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a gidan marigayi, a daidai lokacin da aka sa taron iyali, tunda an riga an yi hayar kujeru kuma kowa ya ɗauki hutu. An aika wa dillalin shanu da aka gayyato cewa ya huta da zuwa. Za a karɓi wayoyi a kwando a bakin ƙofa, Esta ce za ta riƙe kwandon, kuma ba ta da haƙuri. Za a binne marigayi a bayan garke, gindin itet ɗin da ya ciyar da shi gawayi duk rayuwarsa, tare da marasa gatan da suka ba da ransu wajen bincike. A al'adarmu auta ne ke binne uwarsa. Malama ba ta shirya ba tukuna, amma ba laifi yaro ya fara koyo, don haka Kiptoo ne zai haƙa ramin, kuma ana shawartarsa ya zo da takalmi marar igiya. An gayyaci Sharon, an tanadar mata kujera a gaba, ba a yarda da talla ba. Za a sha shayi. Ba za a sha mursik ba, mai yin sa ne a kwance. Akwai wani ɗan gora a kan shinge, kore shar, sai bayan damina zai ƙosa, kuma Malama za ta kasance a nan don ta fafe shi.

An liƙa wannan sanarwa a allon coci da wurin auna madara, an tura ta zauren iyali, an kuma sa ta a ƙarƙashin rubutun Ɗakin Girkin Kogo, ga mai saurin karatu. Cherotich, wadda ta iya karatu a bainar jama'a, ita za ta karanta dalilin mutuwa a bakin kabari, kamar haka:

Sharon ta kwafo abin da ba ta gwada ba. Kiptoo ya jiƙa shi a bilic, ya gasa shi a tanda, ya ajiye shi a bakin murhun uwarsa, ya yi shiru. Malama Rael ta rataye goranta a bango kafin ta tafi coci.